Ranar da Aka Yi wa Takunkumi Sitaci

An yi mini ƙarya, an cire mini igiya ɗaya, kuma wanda ya yi ƙaryar yana nan da ransa, har tumbi ya ƙara. Da igiya uku na shiga shekarar korona, Saje Bawa mai sito. Da biyu na fito, Kofur Bawa. Laifin da aka ɗora mini wai ni na sa aka wanke takunkumi sittin, aka zuba musu bula da sitaci, aka bi su da dutsen guga. Ni fa! Ni da na yi sati biyu ina daka wa ƙatti tsawa kada ko ɗigon ruwa ya taɓa su. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ba zan faɗi sunan mutumin ba. A ƙasar Zuru ne, kuma duk ɗan sandan da ya yi aiki da mu ya san wanda ake nufi in an ce Oga Sitaci.

Ku kuratan da ake turo mana yanzu, kun ɗauka aikin sito zaman inuwa ne, a rataya mukullai a ƙugu, a miƙe ƙafa, a jira fansho. Rannan wani cikinku ya ce mini, "Baba, ai kai hutunka kake sha." To ku zauna ku ji hutun.

Aikina na farko a sito takalma ne. Baba Ishaya, tsohon soja ɗan Manga da ya dawo aikin ɗan sanda, shi ke riƙe da mukullai a lokacin. Ya zazzage mini buhu biyu na tsofaffin takalma a ƙasa, ya ce in haɗa kowanne da ɗan'uwansa. Kwana biyu ina yi, ƙafa ɗaya ta rage ba abokiyar tafiya. Na kwashe sito kaf, na ci ƙura, na kori ɓeraye, na tarar da gara tana cin rigunan ruwa ta bayan katako. Rana ta uku tsohon ya jawo takalmin daga ƙarƙashin kujerar da yake zaune a kai. Ya ce, "Ba takalmi na aike ka nema ba, garar na aike ka." Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi golmo, noman gonar surukai shekara da shekaru kafin a ba ni Talatu, ban taɓa haɗuwa da surukin da ya kai wannan tsoho iya wahalar da mutum ba. Amma a hannunsa na san kulki yana tsagewa in ya sha rana, ankwa tana son mai, takunkumin roba na barkonon tsohuwa sai an kwance masa gwangwani kafin a wanke shi da sabulu. Shi kuma ya ba ni dokar da ta fi duk waɗanda ke cikin littafi. Ya ce, "Mai sito ba ya nuna gindin tukunya. In an ba ka goma ka ce takwas. Ba don ka sata ba, don ranar da babba zai yi wauta. Kuma zai yi."

Da cutar ta shigo aka hana taro, aka tsare hanyoyi, jama'a suka shige gida, mu aka koro waje. Mu ne a shinge muna cusa kai cikin motoci, mu ne a kasuwa, mu ne a bakin sel inda mutane ke numfashi a kan juna. Sai ga kwali ɗaya daga hedikwata. Ba na tsumma ba ne irin wanda teloli ke ɗinkawa, ba shuɗin nan mai laushi ba ne. Fari ne mai tauri, an yi shi kamar ƙoƙo, da maɗaurin roba biyu da ɗan ƙarfe a kan hanci. Likitoci N95 suke ce masa, mu muka raɗa masa ƙoƙo. Saba'in ne a ciki, aka kuma ce kada mu sa ran wani kwalin nan kusa. Goma suka shige akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rigunan ruwa, ban ko ɓare su ba. Na ce sittin aka kawo. Allah ya jiƙan Baba Ishaya.

Ban san kan abin ba, kuma ba na jin kunyar tambaya in dai ba a gaban kurtu ba ne. Na hau babur na nufi wurin Sista Rifkatu, yayar matata, wadda ta tsufa a aikin nas. Ta juya ƙoƙon a hannu ta ce, "Bawa, wannan sau ɗaya ake sa shi a yar. Amma tunda babu, ga yadda muke lallaɓa namu." Ta ɗauki biro ta goga a gashinta, ta kai shi kusa da guntun takarda, takardar ta yi tsalle ta manne. Ta ce, "Ka ga wannan? Irin ƙarfin nan ke cikin jikinsa, shi ke kama ƙwayar cuta. Ruwa yana kashe shi, sabulu yana kashe shi, maganin shafa hannu yana kashe shi. In ka wanke zai fito fari tas, amma gawa ce mai tsabta. Kada ka shanya a rana, kada ka ƙulle a leda da gumi a jikinsa. Takarda yake so, da iska, da haƙuri. In an sa shi yau, ya huta kwana biyar, abin da ya maƙale masa ya mutu don kansa. In ya hau fuska sau biyar ya gama aiki. In ya jiƙe, ko ya yage, ko wani ya yi masa tari, ko sau ɗaya aka sa, wuta."

Na ce, "Sista, 'yan sanda za a ce wa kada su wanke farin abu?"

Ta ce, "Ruwanka, mijin ƙanwata. In ka kashe su kada ka kawo mini su."

Na dawo na ware mutum goma sha biyu, masu shiga sel, masu tsayuwa a shinge, masu rakiyar marasa lafiya. Kowa biyar. Na kwaso ambulan masu ruwan ƙasa daga ofis, kowane ƙoƙo da tasa, na rubuta sunan mai shi da lamba daga ɗaya zuwa biyar. Akwai wani ɗaki a jikin sito mai tagar raga, iska na ratsa shi, rana ba ta shiga. Na ja waya daga bango zuwa bango, na maƙale ambulan a jere, bakinsu a buɗe. A ƙofa bokiti da sabulu. In ka zo da safe ka wanke hannu, ka ɗauki lambar ranar, ka kama shi ta maɗauri, ɗaya a ƙeya, ɗaya a tsakar kai, ka matse ƙarfen a kan karan hanci da yatsun hannu biyu. Sai ka rufe shi da tafi ka hura. In ka ji iska na busa maka ido, bai zauna ba, sake. In ka tashi aiki ka wanke hannu, ka cire ta baya, ba ka taɓa gabansa, ka zura a ambulan, in ja zane ɗaya da biro, ka sake wanke hannu. Ba a aro, ba a musanya, ko da uwarku ɗaya. Mai ƙasumba ya je ya aske, don gashi ƙofa ce. Tun da aka kafa aikin ɗan sanda, wannan ne karo na farko da aka miƙa wa ɗan sanda ambulan mai ruwan ƙasa a gaban jama'a ya karɓa bai waiga ba.

Sai dai abokan cinikin mai sito ba mutane ba ne, 'yan sanda ne. Kofur Audu, Bakabe, wanda ba ya rabuwa da goro, ya dawo mini da lamba biyu ciki ja wur. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "To Saje, kai ka ce kar a cire, ina kake so in tohwa?" Wuta. Ɗanjuma direba ya tsallake ni da nasa ranar hutu, ya je ya yi feshin ciyawa a gonarsa, ya dawo da shi yana wari kamar shagon maganin ƙwari. Wuta. Wani kurtu ya fesa wa nasa turare, wai yana wari. Na ce ɗana, ba shi ke wari ba, bakinka ne, yau ka fara jin abin da muka daɗe muna ji. Shi ma wuta. Saura hamsin da bakwai ke nan. A takardar laifina sittin suka rubuta. Ko ƙirgan ba su iya ba.

Yanzu ga Oga Sitaci. Mai anini biyu ne a kafaɗa, ɗan soja, a bariki aka haife shi, ina jin a cikin ruwan sitaci aka yi masa wankan jego. Wandonsa in ya tuɓe yana iya tsayawa shi kaɗai ya karɓi fareti. Karin rigarsa zai yanka albasa. Yana da ciwon suga, shayinsa ba siga, kuma tsoron cutar nan yake fiye da kowa, amma ya fi tsoron a ce mutanensa ba su da tsabta. Wata Litinin aka yi waya cewa ranar Alhamis babban baƙo zai zo daga hedikwata duba yadda muke kiyaye kanmu. Oga ya leƙo ɗakina, ya ga ambulan reras a waya, ya zaro ƙoƙo ɗaya ta gaba, da hannu, abin da na hana. Jar ƙasar Zuru ta ɗan rina shi.

Ya ce, "Saje, wannan ofis ne ko rumfar mai kilishi? Da wannan dattin za a tsaya gaban baƙo? A wanke su."

Na ce, "Yallaɓai, ba a wanke shi."

"Na barkonon tsohuwa ba wanke shi kake ba?"

"Wancan roba ne, yallaɓai. Wannan in ya sha ruwa ya mutu."

"Wa ya gaya maka?"

"Nas."

"Nas ce oganka ko ni? Aji nawa ka yi a makaranta?"

Na ce biyu, yallaɓai, amma ba a wanke shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya fita. Na ɗauka maganar ta mutu. Talata da sassafe sai ga takarda, wai in kai ta garin Kanya hannu da hannu, in jira amsa, in bar mukullin ɗakin ambulan a kantar ofis don masu aiki. Takardar da kowane kurtu zai iya kaiwa. Wanda zai ba da amsar kuma ba ya gari, sai da na kwana.

Laraba da hantsi na shigo bariki, tun daga nesa na hango wayar shanya ta yi fari fat kamar balbelu sun sauka. Malam Hantsi, mai wankin bariki, yana tsugune yana hura gawayi a dutsen guga. Da ya gan ni ya washe baki. Ya ce, "Saje, sannu da hanya! Ka ga aiki? Oga ya ce in sa bula, in sa sitaci mai kauri. Amma wanga tsumma dai ba shi son wuta, ukku sun narke mani ga dutsi, sai da na aza ƙyalle bisa." Na ɗauki ɗaya. Ƙoƙo ya koma faifai. Ƙarfen hanci ya miƙe sambal, roba ta saki kamar tazugen tsohon wando. An haɗe na kowa da na kowa a baho ɗaya, ambulan ɗina kuma da su aka hura gawayin. Na tsaya ina kallo. Malam Hantsi ya ce, "Ko bular ta yi yawa?"

Na je na sami Oga na ce an kashe su, kada a sa wa kowa. Ya ce in je in yi aski, gobe fareti.

Faretin ranar Alhamis, da ba a kaina ya ƙare ba, da na ce ban taɓa ganin abin dariya irinsa ba. Mutum goma sha biyu a jere, kowa da farin faifai a fuska, gefe da gefe a buɗe har kana hango haƙori. Rana ta yi zafi, gumi ya jiƙa sitaci, ya fara yi wa mutane kunu a baki. Aka ce a ƙame, Kofur Audu ya saki atishawa, maɗaurinsa ya tsinke, faifan ya tashi ya sauka a gaban takalmin baƙo. Tare da baƙon akwai wata ma'aikaciyar lafiya, 'yar siririya mai tabarau. Ta sa safar hannu ta ɗauka, ta shinshina, ta ɗaga shi sama ta ga rana ta cikinsa. Ta ce, "Wa ya yi wannan aika-aika?"

Oga Sitaci ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Mai sito ne, ranki ya daɗe. Bai yi karatu ba. Na sha ja masa kunne."

Na buɗe baki, aka ce, "Shiru, Saje!" Aka kai ni odarum, shari'armu ta cikin gida. Mutum goma sha biyu sun san gaskiya, kowa ya ce yana bakin aiki bai gani ba. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Malam Hantsi kuwa ba a kira shi ba, wai farar hula ne. A aikinmu gaskiya tana sara wa igiya, igiya tana sara wa anini. Aka warware mini ɗaya, aka karɓe mukullai, aka tsayar da ni a get. Kafin sati ya zagayo har masu babur in sun wuce sai su ce, "Kofur, nawa ne gugar takunkumi?"

Kwana tara ina get. A cikin kwanakin nan mutane suka koma na tsumma, Audu ya raka wani mai zazzaɓi asibiti, bayan 'yan kwanaki shi ma ya kwanta. Sati uku yana tari kamar ana sara itace. Ni ba likita ba ne, ban ce rashin ƙoƙo ne ya kayar da shi ba. Ban kuma ce ba shi ba ne. Ya tashi dai, amma ya rame har bel ɗinsa sai da aka ƙara masa huda.

Mukullai kuwa da ƙafarsu suka dawo. Wanda aka ba sito ya kasa gano ko inda fitila take, aka ce Kofur Bawa ya koma, amma da igiya biyu. Ranar na buɗe akwatin ƙarfe. Goman nan suna kwance lafiya. Na sake jan waya, na samo sababbin ambulan, na ce daga yau ƙoƙo na mai shiga sel ne da mai zuwa asibiti kawai, kuma mukullin ɗakin nan ko matata ba ta taɓa shi. Haka na yi ta jan su, ana sawa ana hutar da su ana ƙonawa, har saura biyu sababbi, kwalin hedikwata kuwa shiru.

Wata Asabar da safe wani da ake tsare da shi ya tashi da zazzaɓi da tari, numfashi yana yi masa gardama. Aka yi waya sama, sama suka ce a kai shi asibiti yanzu, kuma babban jami'i da kansa ya raka, ya sa hannu. Babban jami'in da ke nan ranar mutum ɗaya ne. Motar kuma rufaffiya ce, gilashin baya ba ya sauka. Ɗanjuma direba ya zo, na ba shi ɗaya, ya sa, ya hura, ya zauna daram. Audu yana zaune a bencin ƙofar sito yana shan iska. Sai ga ƙarar wando, ƙaras ƙaras. Oga ne, da ɗan takunkumin atamfa a fuska, goshi duk gumi.

Ya rage murya ya ce, "Saje Bawa."

Na ce, "Kofur, yallaɓai. Kai ka rage."

"An ce kana da masu kyau."

"Wa ya gaya maka, nas?"

Audu ya fara tari, amma ba na ciwo ba. Na shiga ciki na fito da abu biyu na ajiye a kan tebur. Ɗaya faifan nan ne mai sitaci, na adana shi tun ranar fareti, fari ƙal, da karin guga a tsakiya. Ɗaya kuma ƙoƙona na ƙarshe.

Na ce, "Yallaɓai, zaɓi. Ga mai tsabta, ga na wanda bai yi karatu ba."

Ya dubi Audu, ya dubi Ɗanjuma, ya dubi motar da ake jin tari daga cikinta. Hannunsa ya wuce faifan ya nufi ƙoƙo. Na ce tsaya, bokiti na can. Mai anini biyu ya duƙa ya wanke hannu, wando yana kuka. Ya sa shi a juye, na ce sake. Ya hura, iska ta busa masa ido, na ce sake. Sai a karo na uku ya zauna. Ya juya zai tafi, na ce ban gama ba, yallaɓai. Na ƙame, na sara masa yadda doka ta ce, sannan na faɗa masa, ido cikin ido, Audu da Ɗanjuma suna ji.

Na ce, "Kai ka sa aka wanke su, kai ka tura ni Kanya, kai ka yi ƙarya a gaban baƙo, kuma yanzu hannunka ya faɗi gaskiyar da bakinka ya ƙi. Wannan da ke fuskarka daga gare ka na ɓoye shi, da ka san yana nan da yanzu ya sha bula. Igiyata ka riƙe, ka yi mata sitaci, ka rataya a ɗakinka. Amma numfashin da za ka ja cikin motar can na kofur ne, aro na ba ka. In ka dawo ka wanke hannu, ka cire ta baya, ka rubuta sunanka a ambulan, ka bi layi bayan Ɗanjuma."